Zafin nan zai iya jawo wa tsoho shanyewar ɓarin jiki? Abin Babanmu ya ba ni tsoro

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a, ya muka ji da zafi. Dan Allah masu ilimin lafiya a cikinmu shawara nake nema kan mahaifinmu. Shekarunshi 71, yana da hawan jini an fi shekara takwas da gano mashi, yana da rumfar yadi a babbar kasuwa kuma ba yadda ba mu yi ba ya zauna gida ya bar wa yara, ya ƙi, wai zaman gida shi ke tsofar da mutum.

Tau jiya Talata bayan azahar yaron rumfar ya kira ni wai in zo maza Baba ba ya magana daidai. Kafin in samu napep in isa an kai minti ashirin, na iske shi zaune yana shan fura har yana faɗa wai don me za a taso ni daga wurin aiki. Amma yaron ya ja ni gefe ya ce suna cikin ciniki da wata mata almakashi ya suɓuce daga hannunshi na dama, ya yi ta son ya ɗauka hannun ya ƙi, bakin ya ɗan karkace gefe guda har yawu na zuba, maganar kuma kamar wanda ya cika baki da tuwo. Minti goma zuwa sha biyar abin ya sake shi kamar ba a yi ba.

Da na matsa mashi da daddare sai yake ce mani ya kusa sati biyu bai sha ƙwayar hawan jininshi ba, wai tun da zafi ya kankama in ya sha jiri yake ɗibarshi in ya ɗago daga sujada, ga yawan fitsari. Ruwa ma ba ya sha sosai a kasuwa saboda kada alwala ta yi ta karyewa, bayin kuma da nisa. Rumfar kwano ce, wanda ya san Katsina a watan Afrilu ya san me nake nufi.

Inna ta ce zafi ne kawai ya buge shi a bar shi ya huta. Gwaggonmu kuma ta ce iska ce, ta ma aika a kira malami. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin zafi na kawo shanyewar ɓarin jiki da gaske? Kuma tunda ya warware, sai mun je asibiti ko mu maida shi kan maganinshi kawai?

Nas Rafindaɗi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi haƙuri zan yi maka maganar kai tsaye, yau ɗin nan za ka kai Baba asibiti, ba gobe ba, ba sai ya ga dama ba. Abin da yaron nan ya faɗa maka, baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe, sannan ya warware, shi muke kira ƙaramin shanyewar jiki. Wani ɗan gudan jini ne ya toshe hanyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci sai ya wuce. Warwarewar da ya yi ba warkewa ba ce, sallama ce aka yi maku a ƙofar gida, kuma kwana biyun farko bayan irin wannan su ne suka fi haɗari, a nan babban yakan biyo baya.

Batun zafi kuma, eh yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Tushen abin hawan jini ne, shi ke cin jijiyoyi a hankali shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba, sai suga da kitse a jini da taba da shekaru su ƙara mashi. Zafi zuwa yake ya iske gini ya riga ya tsage. In mutum na zufa bai maida ruwan ba, ruwan jikinshi ya ragu, jini ya yi kauri, gudan jini ya fi saurin haɗuwa. Ga shi a zafi jijiyoyin fata buɗewa suke don jiki ya huce, sai awon jini ya sauka, zuciya ta ƙara gudu don ta cike gurbi, tau zuciyar ɗan shekara 71 ba ta ɗan 25 ba ce. Kuma tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar mu, jikinsu na iya bushewa su ce maka su lafiya lau suke. Kada kuma wani ya ɗauka sai bazara ake faɗuwa, a hunturu ma muna karɓarsu sosai don sanyi tada jini yake.

Jirin da ya ce yana ji gaskiyarshi ne, ba raki ba ne. Ka duba kwalin maganin, in irin su Moduretic ne, mai sa fitsari ne, yana rage ruwa da gishirin jiki, in ya haɗu da zufar Afrilu da rashin shan ruwa dole jiri ya ɗebi mutum. Amma gyaran shi ne likita ya rage ko ya canza mashi wani, ba a ajiye gaba ɗaya ba. Mai hawan jini ya bar magani sati biyu kamar an saki burki ne a gangara.

Ka tafi da duk kwalayen maganin da yake sha har na kemis da na gargajiya, kuma ka tafi da yaron rumfar in zai yiwu don shi ya ga abin da idonshi, Baba zai ce wa likita ba komai, na san halinsu. Za a auna jini da suga, a yi awon zuciya don akwai wata rikicewar bugun zuciya da ke jefa gudan jini zuwa kai, kuma wataƙila a tura ku hoton ƙwaƙwalwa. Ku nufi babban asibiti kai tsaye, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Janar, kada ku tsaya ƙaramin kilinik ana ƙarin ruwa.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Innalillahi. Anti nas na gode, wallahi Moduretic ɗin ne da wata amlodifin. Yanzu matsalar ya riga ya tafi kasuwa tun safe. Bari in kira Yayanmu babba, shi kaɗai yake jin maganarshi.

Mai Shayin Layout:

Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai abin da na sani, a samu tafarnuwa a daka da zuma yana sha da safe, sai zoɓo mara suga, wallahi yana sauke jini. Kuma na ga wani saƙo a WhatsApp wai in mutum ya faɗi a samu allura a tsattsaga kan yatsunshi goma jini ya fito, take zai dawo. In ba allura a kira wanzami ya yi mashi ƙaho a ƙeya. Sannan a ba shi asfirin da sauri.

Nas Rafindaɗi:

Malam mai shayi na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma dan Allah saƙon allurar nan a daina tura shi. Matsalar cikin kai take, ɗigon jini a yatsa ba ya buɗe jijiyar ƙwaƙwalwa, lokaci kawai yake ci. Ƙaho ma haka.

Asfirin kuma akwai magana. Shanyewar jiki iri biyu ce, akwai wadda jijiya ta toshe, ita ta fi yawa, akwai wadda jijiya ta fashe jini ya zuba cikin kai, kuma wannan ta biyun ba baƙuwa ba ce a wurinmu saboda yawan hawan jinin da ba a kula da shi. Daga waje kamarsu ɗaya, ko likita sai da hoto yake rabewa. In ka ba mai fashewa asfirin ka ƙara mashi zubar jini. Don haka ko Vasoprin, ƙaramin asfirin ɗin da ake ba wasu kullum, likita ne zai ce a fara. Haka nan kada a ɗura wa wanda ya faɗi ruwa ko rubutu ko kunu, sau da yawa haɗiya ta lalace, abin huhu zai tafi. Kada kuma a ninka mashi ƙwayar hawan jini don a ga awo ya hau, sauke shi da ƙarfi a gida na iya ƙara ɓarna. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta kaya, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a nemi mota.

Lokacin nan yana da amfani ƙwarai, don maganin narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi, kuma ko a inda babu shi, zuwa da wuri na ba da damar a daidaita jini da suga da numfashi kafin ɓarnar ta yi faɗi. Suga ma in ya faɗi ƙasa yakan yi kama da shanyewar jiki sak, minti ɗaya ake aunawa a gane.

Zoɓo mara suga ba laifi a sha, ruwa ne ai, amma ba ya zama madadin ƙwaya. Zoɓon leda da ake cika wa suga kam ba shi muke nufi ba.

Badauri:

Ɗan'uwa ka ji maganar Anti nas, ni na ga abin nan a gidanmu. Bara waccan cikin azumi, kun tuna azumin 2024 a tsakiyar Maris da Afrilu ya faɗo, Hajiyarmu tana da hawan jini da suga, mun roƙe ta ta ajiye ta ciyar ta ce ita tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi haka kawai ba sai yanzu da ta kusa kabari. Ana saura kwana uku ta faɗi, sai da hannunta ya yi sanyi ya saki ludayi tana dama kunu, ya dawo, muka ce gajiyar azumi ce. Ranar da abin ya zo da gaske wajen la'asar ne a bayi. Tau kun san mutanenmu da faɗuwar bayi, nan take aka ce shafar aljanu ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka shafa man wannan da na wancan, ni ina Kano lokacin sai washegari na iso na ce a ɗauke ta. Daga Daura aka turo mu Katsina, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, amma mu sai da muka ci kusan kwana biyu kafin ta ga hoto. Likitan bai yi mana faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, yaushe abin ya fara, da na faɗa mashi ya yi shiru, shirun nan har yau yana damuna.

Tana nan da ranta alhamdulillah, da gashin ƙashi da motsa jiki yanzu tana takawa da sanda, amma hannun hagu bai dawo ba. Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi, sai dai a yi ta cikin mota ana tafiya. Ka ce wa Gwaggo malamin ya same ku a asibiti.

Kuma batun azumi, tunda wasu tsofaffin har Litinin da Alhamis suke yi cikin wannan zafin, a samu malamin da suke ganin girmanshi ya yi masu bayanin rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya da tsohon da ba ya iyawa. Daga bakin ɗa ba sa karɓa, gani suke ka raina imaninsu.

Maman Biyu:

Allah sarki, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Ni surukata ke wurina, ta haura 75, bari in faɗi yadda muke lallaɓawa daga Maris zuwa saukar ruwa ko wani zai amfana.

Ita ma ba ta shan ruwa, in ka miƙa mata ta ce ba ta jin ƙishi. Sai na daina tambaya, na ɗaura abin da salla, duk in ta idar kofi ɗaya na jiranta kan darduma, da wanda za ta sha da abinci, a haka ake samun kamar fiya wata huɗu zuwa biyar a yini ba ta ma lura ba. Wannan zai yi wa Babanku daidai tunda alwala yake ji, ya sha bayan salla, kafin wata sallar ya zaga ya sake alwala. Na fi ba ta da safe da rana, in rage da dare saboda tashin fitsari cikin duhu shi ma faɗuwa yake kawowa. Ruwan randa take so ba na firij ba, dama wutar ina take. Kankana, gurji, lemo, farau-farau, kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, duk ina haɗawa. Abin da nake dubawa fitsarinta, in ya yi ja kamar shayi na san an yi sake.

Ɗakinta mai kwano ne ba silin, da rana ko kaza ba za ta zauna ciki ba, sai muka maida ta tsohon ɗakin ƙasa da ke bayan gida, wanda da har muna cewa a rushe shi, ashe magabata sun san abin da suke yi. Da rana tana ƙarƙashin dalbejiya, in jiƙa zane in yafa mata a ƙafa da wuya, a yayyafa ruwa a ƙasa. Fanka mai caji na taimakawa amma in iskar kanta ta yi zafi sai ka jiƙa jiki tukuna, in ba haka ba hucin take maido maka. Unguwa da gaisuwar rasuwa da dubiya duk mun maida su safe kafin goma ko bayan la'asar sakaliya.

Gishiri ne yaƙin da har yau ban gama ci ba. A asibiti an ce mana duka abin da mutum zai ci a yini kada ya kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya, giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da kanwa da yajin tsire da kilishi. Na koma ƙara daddawa da albasa da citta in rage dunƙule, ranar farko ta ce miyar marasa lafiya na yi mata, yanzu ta saba, har maigidan ma.

Nas Rafindaɗi:

Maman Biyu kin gama magana, dabarar kofi kan darduma zan ɗauka in riƙa faɗa wa masu zuwa awo. Ƙari kaɗan, wanda likita ya ce yana da ciwon ƙoda ko zuciyarshi ta gaza har ƙafa na kumbura, shi ba a cika mashi ruwa, a tambayi adadin da aka yarje mashi. Sannan maganin ciwon jiki da tsofaffinmu ke saye kullum a kemis ko wurin masu tallar magani a faranti, daikulofenak da aibufurofen da haɗe-haɗen nan na leda, suna tada jini kuma in jiki ba ruwa ƙoda suke bugawa. Ƙwayoyin kansu ma kada a bar su a rumfar kwano ko cikin mota, yawanci an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuma nan muna haura 40.

Kuma kada a rikita shanyewar jiki da bugun zafin rana, a Turance sunayensu sun yi kama shi ya sa ake haɗa su. Shi wancan jiki ne ke ɗaukar zafi ya wuce digiri 40, ka taɓa mutum kamar garwashi, ya rikice yana sambatu ko ya suma, ba lallai gefe ɗaya ya mutu ba. Shi ne ya yi ɓarna a Hajjin 2024 da aka rasa alhazai sama da 1,300, zafin Makka ya haura digiri 51. Shi a nan take ake fara aiki, inuwa, cire kaya masu nauyi, kwara ruwa a jiki ana fifita, jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, ana yi ana tafiya asibiti. In kun kasa rabewa, ku ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunanshi da na unguwarsu. Ɗaya ya gagara, mota kawai.

Wanda ke da tsoho mai hawan jini a gida ya daure ya sayi na'urar awo ta hannu ko a haɗa kuɗi 'yan'uwa a saya, a auna da safe yana zaune ya huta, a rubuta a littafi. In yana yawan kaiwa 140 bisa 90 ko sama, ko kuma ya sauka har yana jiri, a kai wa likita littafin.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu muka samu zama. Yaya ya je har rumfa ya ɗauko shi, sai da ya ce mashi in bai tashi ba zai kira Liman, sannan ya shiga mota yana ta mita wai mun sa ya bar ciniki ranar Laraba. Da aka auna 186 bisa 104, shi kanshi da ya ga fuskar nas ɗin ya bar faɗan. Suga lafiya. Sun ɗebi jini don duba ƙoda, an yi awon zuciya, an rubuta mana hoton ƙwaƙwalwa gobe da safe, kuɗin dai ba a magana amma mun haɗa. Likita ya ce a tsaida mai sa fitsarin tukuna, sun riƙe shi zai kwana su ga yadda jinin zai sauka. Yawan fitsarin ma ya ce za su duba ko mafitsara ce irin ta tsofaffi maza.

Gwaggo ta zo da malaminta har gadon, ya yi addu'a, shi ma ya ce a bi maganar likita, sai ta yi shiru. Abin da ya rage yanzu rigimar kasuwa, ya ce ko an sallame shi jibi zai koma. Mun ce ya riƙa zuwa safe ya dawo kafin azahar har ruwa ya sauka, ya ce za a gani. Maman Biyu dan Allah randar da kike cewa, sabuwa ta fi sanyi ko tsohuwa? Ina son in kai mashi ɗaya rumfar.

Maman Biyu:

Sabuwa ƙanena, tsohuwa in ta daɗe ƙofofinta toshewa suke ta bar tsatsafowa. Ka jiƙa ta kwana ɗaya ka zubar da ruwan farko saboda warin ƙasa, ka girke ta kan yashi mai danshi a inuwa, ka naɗe ta da buhun algarara kana jiƙawa. Kuma ka damƙa wa yaron rumfar aikin kofin, kada ka bar wa Baba. A gaida shi da jiki.